Zauren Tambaya da Amsa: Littattafai Takwas na Kalmomin Sirri

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu huɗu na ɗauko a wannan fitowa, uku daga Katsina ɗaya daga Daura, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, duka a kan abu ɗaya suke kewayawa, wato kalmar sirri da lambar sirri, waɗanda a yau suka zama mabuɗin kuɗinmu da hotunanmu da zumuncinmu. Na rage tsawon wasiƙun, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ɗalibi ne mai koyon zane a nan Katsina. Malaminmu ya ba mu labarin wani Bajamushe da ya tattara kalmomin sirrin da aka sace wa mutane a intanet, ya buga su a littattafai, ya kai su wurin baje kolin zane, aka kuma karɓe su a matsayin aikin fasaha. Na rasa gane inda fasahar take, tunda bai zana komai ba, bai kuma sassaƙa komai ba. Sannan, Malam, anya wannan ba tallata kayan sata ba ne? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Guga, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya ba ka ilimi mai amfani. Wanda malaminku yake nufi shi ne Aram Bartholl, mazaunin birnin Balin, aikin kuwa ya fito a shekarar 2013, kuma sunan da ya raɗa masa shi ne tambayar nan da ke ƙarƙashin gurbin shiga kusan kowane shafi na intanet, wadda ma'anarta ita ce "Ka manta kalmar sirrinka?" Labarin ya samo asali ne daga watan Yunin 2012, lokacin da aka kutsa cikin rumbun LinkedIn, dandalin da ma'aikata da masu neman aiki suke haɗuwa, aka watsa kalmomin sirri kimanin miliyan 6.5 a intanet.

Kafin mu je ga fasahar, ya kamata ka san yadda aka yi kalmomin suka bayyana, domin kamfanin bai ajiye su a fili yadda masu su suka rubuta ba. Kamfanin da ya san aikinsa yakan niƙa kalmar da wani lissafi, ya ajiye garin ya zubar da tsabar. Gari ba ya komawa gero, amma gero iri ɗaya gari iri ɗaya yake bayarwa, saboda haka duk ranar da ka zo shiga sai a niƙa abin da ka rubuta, a gwada da garin da ke ajiye. Ɓarawon da ya saci garin shi ma wannan hanyar yake bi: yana sa kwamfuta ta riƙa niƙa kalmomi miliyoyi tana gwadawa har ta dace. Maganin wannan shi ne a barbaɗa wa kalmar kowane mutum wasu haruffa na daban kafin a niƙa, abin da masana suke kira gishiri, ta yadda mutum biyu masu kalma ɗaya za su samu gari dabam dabam. LinkedIn ba su sa wannan gishirin ba a wancan lokaci, shi ya sa ba a daɗe ba aka warware mafi yawan kalmomin. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Bartholl ya ɗauki miliyan 4.7 daga cikin waɗanda aka warware, ya jera su bisa tsarin haruffa, ya buga su a juzu'i takwas, kowanne mai shafi wajen 800, ya ajiye su inda mai kallo zai iya ɗagawa ya buɗe, aka kuma gayyaci masu ziyara su duba ko tasu tana ciki. Iyakar abin da hannunsa ya yi ke nan.

To, ina fasahar? Akwai wani reshe na fasahar zamani da zan kira shi fasahar ra'ayi, wanda a cikinsa tunanin da aka gina aikin a kansa ya fi ƙwarewar hannu nauyi. Ana yawan danganta tushensa da Marcel Duchamp, Bafaranshen da ya aika da mazubin fitsari na kanti zuwa wani baje koli a birnin Niyok a 1917, amma misalin da ya fi sauƙin kamawa shi ne na Ba'amurke Joseph Kosuth a 1965, wanda ya ajiye kujera, ya liƙa hotonta a gefe ɗaya, ya liƙa ma'anar kalmar kujera daga ƙamus a ɗaya gefen, ya bar mai kallo da tambayar wacce ce kujerar a cikin ukun. Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba. Goron da ke kan faifan mai talla da goron da aka kawo maka na ɗaurin aure daga huhu ɗaya suka fito, babu abin da aka ƙara wa na biyun, amma wanda ya aiko shi da lokacin da aka kawo shi sun mayar da shi magana, har ya ɗora maka nauyin halarta. Haka mai fasahar ra'ayi yake aiki: yana ɗauke abu daga inda aka saba ganinsa ya sa shi inda zai yi magana.

Ka ƙaddara kai ne a gaban waɗannan littattafai. Da ka karanta a jarida cewa an sace kalmomin sirri miliyan kaza, lamba ce kawai za ta wuce ta gaban idonka, ka juya shafi. A nan kuwa sai ka ɗaga juzu'i da hannu biyu ka ji nauyinsa, ka bi layi da ɗan yatsa, gabanka yana faɗuwa. In ka tarar da taka, ka ga abin da ka ɓoye wa matarka da amininka a buɗe a kan tebur kowa na iya karantawa. In ba ka tarar ba, ka riga ka nuna wa wanda ke tsaye a bayanka harafin da kalmarka ta fara da shi, tun daga juzu'in da ka zaɓa. Wannan na biyun shi ne abin da ya fi burge ni a aikin, domin ya sa mai kallo ya aikata kuskuren da ake gargaɗinsa a kai, a cikin ɗakin, da hannunsa. Babu zanen alƙalami da zai iya yin haka.

Akwai kuma abin da jerin kansa yake nunawa. Kowa yana zaton kalmarsa tasa ce shi kaɗai, amma da aka jera su sai aka ga dubban mutane tunani ɗaya suka yi. Tun a 2009, da aka sace kalmomi miliyan 32 daga wani kamfani mai suna RockYou, wanda shi a fili ma ya ajiye su ba tare da niƙa ba, an gano cewa wadda ta fi kowacce yawa ita ce 123456. Da za a buga irin wannan littafi da kalmominmu na Katsina, ba na shakkar abin da zai cika shi: sunayen 'ya'yan fari, sunan unguwa, shekarar haihuwa, da ƙarshen lambar waya. Mutum abin da yake ƙauna yake sa wa a ƙofarsa domin shi ne ba zai manta ba, kuma shi ne abin da maƙwabcinsa ya fi sani game da shi. A 2016 aka gano cewa ɓarnar LinkedIn ta wuce yadda aka zata, domin bayanan mutane kimanin miliyan 117 aka fito da su kasuwa. Da Bartholl zai buga su duka a kan ma'auninsa na farko, da juzu'i wajen 200 zai buƙata.

Tambayarka ta biyu tana da nauyi, kuma na ji daɗi da ka yi ta. Abin da za a faɗa domin kare shi shi ne, kalmomin kaɗai ya buga, babu sunan mai ita babu adireshinsa, kuma sun riga sun bazu a hannun ɓarayi kafin ya taɓa su. Duk da haka ni ban wanke shi tas ba. Akwai mutanen da cikakken sunansu ko lambar wayarsu ce kalmar sirrinsu, kuma babu wanda ya nemi izininsu. Yaɗuwar asirin mutum ba ta halatta mini in ƙara yaɗa shi. Ina ganin aikin ya yi amfani, ina kuma ganin an biya kuɗin amfanin da haƙƙin waɗanda ba a shawarta ba, kuma ya kamata mai koyon fasaha ya iya riƙe waɗannan hukunce-hukunce biyu a lokaci ɗaya.

Kada ka kwaikwaye shi a nan. Dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 suna nan, kuma ko babu su, tarbiyyarmu ba ta yarda da tona asiri ba. In kana son yin aiki a kan wannan batu, kayan aikin suna kusa da kai. Ka je wurin 'yan gwangwan ka sayi tsofaffin kwaɗuna da mabuɗansu suka ɓata, ka zaga ka tambayi mutane, da yardarsu kuma ba tare da suna ba, abin da suka taɓa rasawa saboda mantuwar lamba, ka rubuta jimla ɗaya ka rataya a jikin kowane kwaɗo. Garinmu gari ne na ganuwa da ƙofofi, inda a da mai tsaron ƙofa fuska da murya yake ganewa, saboda haka jama'a za su fahimci abin da kake faɗa ba tare da dogon bayani ba. Abu ɗaya kawai, kada ka karɓi kalmar sirrin kowa, ko da ya ce ya daina amfani da ita, domin yawancin mutane sabuwar kalmarsu ƙanwar tsohuwar ce.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a cikin gida. Ɗana da ke karatu a jami'a ya ce dole kowane abu in yi masa kalmar sirri dabam, mai tsawo, mai lambobi da alamomi, kuma in riƙa sauyawa. Na gwada, sau biyu ana rufe mini asusu saboda mantuwa, har sai da na yi sammakon zuwa banki na bar ciniki. Yanzu na rubuta su a littafin da nake rubuta bashi, shi kuma ya ce na yi babban kuskure. Wa ya fi gaskiya tsakanina da shi? Daga wata 'yar kasuwa, Daura.

AMSA: Wa alaikis salam Hajiya, ranki ya daɗe, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ɗanki ya yi gaskiya a abu ɗaya, ke kuma kin yi gaskiya a abu biyu, sai dai akwai gyara a littafin.

Dokar nan ta cakuɗa manyan haruffa da ƙanana da lambobi da alamomi, da sauyawa a kai a kai, tana da tarihi. Wani ma'aikacin hukumar ma'auni ta Amurka mai suna Bill Burr ne ya rubuta jagorar da ta yaɗa ta a 2003, kamfanoni da bankunan duniya suka ɗauka. A 2017, bayan ya yi ritaya, ya shaida wa wata jarida cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta, kuma a wannan shekarar hukumar ta sake jagorar, ta daina ba da shawarar tilasta cakuɗa alamomi, ta kuma ce kada a sa mutane sauya kalma sai in akwai alamar an sace ta. Dalili shi ne abin da ya same ki. Idan aka matsa wa mutum ya sauya, lamba ɗaya yake ƙarawa a ƙarshe, wadda ɓarawo zai iya hasashe, in kuwa ya yi sabuwa gaba ɗaya sai ya manta ta. Dokar ta wahalar da mai gida fiye da yadda ta wahalar da ɓarawo.

Ke 'yar Daura ce, kin fi ni sanin labarin rijiyar Kusugu da macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Babu wanda ya isa ya ɓata ruwan wannan rijiya, amma mutanen gari da ƙishirwa suke kwana. Bartholl ɗin da na ambata a sama ya yi wani aiki da ya nuna ɗaya gefen. A 2010 ya ɗauki 'yan ƙananan ma'ajiyar bayanai guda biyar, irin waɗanda ake soka wa kwamfuta, ya dasa su da siminti a jikin bangaye a birnin Niyok, bakinsu kaɗai ya leƙo waje, duk mai wucewa yana iya jona kwamfutarsa ya ɗauki abin da ke ciki ko ya zuba nasa, babu suna babu kalmar sirri. Mutane a ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Wannan ita ce randar da ake ajiyewa a ƙofar gida domin masu wucewa: kowa yana sha, amma ba ka san abin da wanda ya riga ka ya jefa a ciki ba, domin ta irin wannan hanya ake sa wa kwamfuta cuta. Kowane tsari na tsaro yana wani wuri tsakanin waccan rijiya da wannan randa, kuma abin tambaya kullum shi ne wa zai ɗauki wahalar in an ƙara matsewa. A ƙasarmu amsar a bayyane take: tsofaffi, da matan da ke cikin gida, da waɗanda ba su yi boko ba.

Mun gani da idonmu. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, kuma duk wanda asusunsa yake buƙatar lambar nan da banki ke turowa ta saƙon waya, a can ba shi da hanyar taɓa kuɗinsa sai ya yi tafiya. A farkon 2023 kuma, lokacin ƙarancin takardun naira, aka tura jama'a ga tiransifa da masu POS ko sun shirya ko ba su shirya ba. A wannan lokacin na tsaya a layi a bayan wani dattijo wanda ya miƙa katinsa ga yaron da ke cire kuɗi, ya faɗi lambobinsa huɗu da ƙarfi kowa yana ji, saboda idonsa ba ya ganin madannan. Ban ga laifinsa ba, kuma har yau abin yana damuna. Lamba huɗu hanyoyi 10,000 kawai take da su, abin da ke kare ta shi ne na'urar tana rufewa bayan 'yan kurakurai, kuma da zarar an furta ta a bainar jama'a wannan kariyar ta tashi.

Inda ɗanki ya yi gaskiya shi ne kada kalma ɗaya ta buɗe ƙofa biyu. Idan aka sace jerin wani shafi, abu na farko da ɓarayi suke yi shi ne gwada kalmomin a wasu shafuka, ta haka ɓarnar wuri ɗaya take bin mutum har cikin asusunsa. Game da ƙarfin kalma kuwa, tsawo ya fi cakuɗa amfani. Haruffa shida ƙanana na boko suna ba da hanyoyi kimanin miliyan 309, abin da kwamfuta ke gamawa cikin ƙiftawa da bismillah, amma kalmomi huɗu da aka tsinto barkatai daga jerin kalmomi 2,000 suna ba da hanyoyi tiriliyan 16. Ki haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, ba karin magana ba, ba baitin waƙa ba, ba sunan 'ya'ya ba.

Rubutawa a takarda ba kuskure ba ne. Ɓarawon da ke wata ƙasa ba zai iya buɗe akwatinki ba. Kuskuren shi ne littafin bashi, wanda kike buɗewa a gaban masu saye, yara kuma suna ɗauko miki shi. Ki sayi wani ɗan littafi dabam, ki ajiye shi inda kike ajiye gwal ɗinki, kada ya kwana wuri ɗaya da katin banki. Lambar da ake turowa ta waya kuwa, ita ba a rubuta ta ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya ambaci cikakken sunanki da lambar BVN ɗinki ya ce daga banki yake. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan sana'ar ɗan garin da suke nema shi ne mai asusun kansa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na yi shekara sittin ina noma. An ce dangwala yatsa ya fi lamba tsaro, amma ni na'urar ba ta cika gane yatsana ba. In nace a kai ko in haƙura da lamba? Daga wani dattijo, Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Barka kadai Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba laifinka ba ne. Fartanya da shekaru suna shafe zanen yatsa, haka ma wanki da aikin gini, kuma waɗanda suka ƙera na'urorin ba da hannun manomi suka auna su ba. Yatsa yana da fa'idar cewa ba a manta shi a gida, amma yana da aibin da lamba ba ta da shi, wato ba a sauya shi. A 2008 wata ƙungiyar masana kwamfuta ta Jamus, Chaos Computer Club, ta ɗauki zanen yatsan ministan cikin gida na ƙasar, Wolfgang Schäuble, daga kofin da ya sha ruwa, ta buga a mujallarta domin nuna adawa da tattara zanen yatsun jama'a, aikin da ya yi kama da na masu fasahar ra'ayi ƙwarai. A 2015 kuma aka sace zanen yatsun mutane miliyan 5.6 daga hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka. Wanda aka sace wa kalma zai yi sabuwa a yini ɗaya, waɗannan kuwa da yatsunsu za su ƙare rayuwa. Ka riƙe lambarka, Baba, ka danna ta da hannunka kana kare madannan da ɗaya hannun, in kuma gani ya yi rauni, ka tafi da ɗa ɗaya da ka amince da shi, ya zama shi kaɗai ne ya sani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu watanni uku da suka wuce. Ɗan kasuwar hatsi ne, kuma lissafin waɗanda yake bi da waɗanda suke bin sa duk yana cikin wayarsa, wadda babu wanda ya san lambarta. Masu gyaran waya sun ce za su iya buɗewa amma komai zai goge. Ni ne babba, ga marayu ƙanana, ga masu zuwa da maganar bashi. Me ya sa kamfanin ba zai buɗe mana ba, alhali mu ne magada? Daga wani magidanci, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙuri, kai kuma ƙanina Allah ya taya ka riƙon wannan amana.

Abu na farko, kada ka bari a goge wayar, kuma ku daina gwada lambobi, domin wasu wayoyin suna ƙara tsawon jira bayan kowane kuskure, wasu ma an saita su su share komai bayan kuskure goma. A wayoyin zamani lambar mai waya tana cikin abin da ake kulle bayanan da shi, saboda haka kamfanin kansa ba ya riƙe da mabuɗi. Da gangan aka yi haka. A 2016 FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta nemi kotu ta tilasta wa Apple ya taimaka a buɗe wayar wani maharin da ya kashe mutane a garin San Bernardino na Amurka, kamfanin ya ƙi, bisa hujjar cewa ƙofar bayan da aka yi wa hukuma ɓarawo ma zai same ta. Hujjar tana da ƙarfi, domin ita ce take kare wayar wanda aka yi wa ƙwace a hanya. Amma ƙarfen da ya tare ɓarawo shi ne yau ya tare maraya, na'urar ba ta bambanta su, kuma ba na jin daidai ne a yi ta yabon wannan tsari ba tare da an ambaci irin halin da kuke ciki ba.

Ba ku kaɗai ba ne. A farkon 2021 labarin wani masanin kwamfuta, Stefan Thomas, ya zaga duniya: yana da kuɗin intanet na bitkoyin guda 7,002, mabuɗinsu yana cikin wata ma'ajiya da ke ba da damar gwaji goma kacal, ya ɓatar da takardar da ya rubuta kalmar, ya kuma riga ya ƙona gwaji takwas. Masu fasaha ma sun daɗe suna juya wannan tambaya. A harabar hedkwatar hukumar leƙen asiri ta Amurka, CIA, da ke Langley akwai wani aikin tagulla mai suna Kryptos, wanda Jim Sanborn ya ƙera aka kafa a 1990, ɗauke da saƙonni huɗu a rubutun ɓoye. An warware uku tun a shekarun 1990, na huɗun mai haruffa 97 ya gagari masana fiye da shekara talatin, duk da cewa maƙerin ya riƙa sakin 'yan alamu, a 2010 da 2014 da 2020. A 2025, yana gab da cika shekara 80, ya sanar da cewa zai yi gwanjon amsar. Mutumin da ya gina sunansa a kan riƙe sirri ya kai ga tambayar da mahaifinku bai samu zarafin amsawa ba, wato hannun wa sirrin zai koma in mai shi ya kau.

Ga abin da za ka iya yi. Kuɗin da ke banki ba ya buƙatar wayar: da takardar shaidar rasuwa da takardar kotu kan gado, banki zai yi hulɗa da magada, kuma bayanin shige da ficen asusun zai nuna muku sunayen da yawa daga cikin abokan cinikinsa da adadin da ya shiga tsakaninsu. Ko da wani a gidan ya san lambar katinsa, kada a cire ko sisi kafin rabo, domin haƙƙin marayu yana ciki. Ka kula da layin wayarsa kada ya mutu, saboda layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana sake sayar da shi ga wani, saƙonnin banki kuma su koma hannun baƙo. Game da bashi, ka zauna da yaran shagonsa da dillalan da yake hulɗa da su da amininsa na kasuwa, a gaban limami ko wani dattijo da kowa ya yarda da shi, a rubuta abin da kowa ya sani, mai da'awa ya kawo shaida. Ba banza ba ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Idan ƙura ta lafa, ka yi wa naka iyalin abin da kake fatan da an yi muku. Google yana da tsari tun 2013 wanda mutum zai zaɓi wanda za a miƙa wa bayanansa in asusun ya daɗe shiru, Facebook ya kawo irin nasa a 2015, Apple a 2021, kuma duka sai mai asusu ya saita su da ransa. Lissafin bashi kuwa ka mayar da shi takarda, ka riƙa sabunta shi duk ƙarshen wata. Lambar wayarka ka rubuta ta ka sa a ambulan ka liƙe, ka haɗa da wasiyyarka, ka ba mutum ɗaya ajiya, ka sanar da mutum na biyu inda take ba tare da ya ga abin da ke ciki ba. In kun zauna da dattawan kasuwar, ka sake rubuto mini yadda kuka ƙare da masu bashin.